Abin da Gona da Hanji Suka Koya Mini

Unguwar Sarki, Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Mamana Safiya.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki kin sauka Gombe lafiya, kin warware gajiyar hanya. Allah ya tsare ki a zamanki da fitarki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa aikin nan ya zame miki alheri.

Na cusa takardar a aljihun jakarki ne saboda na san halina. Idan muka je tashar Kawo, zan ɓige da duba tayoyin mota ina ja wa direba kunne kan gudu, har motar ta tashi ban ce miki komai ba sai "Allah ya kiyaye". Labarin gida kuwa Ummanki za ta cika miki kunne da shi a waya. Ni wani abu daban zan ba ki. Aikin malamar gona da za ki kama shi na yi har na yi ritaya. Abubuwan da na yi daidai suna can cikin fayil a ofis. Kurakuraina ne babu wanda ya rubuta, ga shi kuwa su suka fi koya mini aiki.

Na farko ya faru tun kafin a haife ki. Akwai wani dattijo, Malam Tanko, mai gona a bayan Rigasa, wurin da yanzu gidaje suka cinye. Lokacin ina sabon ma'aikaci, ga babur, ga takardar makaranta, ina jin babu wanda ya san noma kamata. Na iske gonarsa a cakuɗe: gero nan, dawa can, wake yana yaɗo a tsakani. Bayan girbi ba ya ƙona kara, barinsa yake a kwance. Da rani kuma ya roƙi Fulani su zaunar masa da shanu a ciki. Na tsaya a bakin gonar ko daga kan babur ban sauka ba, na ce, "Baba, wannan ai juji ne, ba gona ba."

Na ce ya share, ya ƙone, ya shuka masara zalla a layi, ya zuba takin zamani, ciyawa kuma a yi mata feshi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malamin gona, na ji abincin masara. To ita ƙasar me za ta ci?"

Dariya na yi. Na ce, "Baba, ƙasa ai ba ta da baki."

'Ya'yansa suka goyi bayana, sai ya raba gonar biyu ya ba mu rabi. Shekarun farko masara ta yi kyau ƙwarai, har manyanmu suka zo aka ɗauki hoto, aka yaba mini a gaban jama'a. Daga nan abu ya fara sauyawa. Kowace damina sai an ƙara taki kafin a samu abin da aka samu bara. Ruwa in ya sauka ba ya shiga ƙasar, gudu yake ya tafi da ita. Ciyawar wuta-wuta ta fito ta kama gindin masara.

Wata rana da hantsi ya aika aka kira ni. Ya ɗauki fartanya ya sara a ɓangarensa, ya damƙo ƙasar ya zuba mini a hannun dama. Baƙa ce, mai laushi, tana ƙanshin sabon ruwa, ga tana tana motsi a ciki. Ya taka zuwa ɓangarena ya sara, sai da ya sake sarawa kafin fartanyar ta shiga. Ya zuba mini a hannun hagu. Fara fat, da tauri kamar ɓaraguzan bulo, babu abin da ke motsi a cikinta. Ya tsaya yana kallona. Kin san abin da na ce? Na ce ƙarancin ruwan bana ne. Ina faɗa ina sane ba gaskiya ba ne. Na karkaɗe hannuna na hau babur, na daina bi ta wannan hanyar.

Sai da furfura ta fito mini na je neman gafararsa. Na same shi a zaure, ido ya yi rauni, gonar an yanka ta filaye. Da na faɗi sunana ya gane ni nan take. Ya ce, "Mai babur! Ai na daɗe da yafewa. Kai ma abin da aka koya maka ka kawo. Sai dai ka gaya wa na bayanka." Ya sa aka kawo mini fura. Na gode wa Allah da ya bar shi da rai har na ji wannan magana daga bakinsa, ga shi yau ina cika masa alkawari.

Kada ki ɗauka cewa nake takin zamani mugun abu ne. Ya ciyar da mutane masu yawa, kuma akwai gonar da ba za ta tashi ba sai da shi. Laifina shi ne na ba da shi shi kaɗai, na hana ƙasa kara da ganye da kashin dabba, abincin ƙananan halittun nan da ke cikinta. Don haka in kin je gonar mutum, ki sauka ki taka ta da ƙafarki. Ki tambaye shi me ya sa yake yin abin da yake yi kafin ki ce ya daina. Sabon abu ki gwada shi a kunya uku ko huɗu, kada ki ci rabin gonar talaka da gwaji. Ranar da ƙasa ta ƙaryata ki kuwa, ki amsa a wurin, a gaban mai gonar. Kunyar yini ɗaya ce. Ni na zaɓi ɗaukar tawa shekara da shekaru.

Na biyu ya fi nauyi, domin ke ya shafa. Mun sha gaya miki kin kwanta asibiti kina shekara huɗu saboda zazzaɓi. Ba zazzaɓi ba ne, Mamana.

Kin san ɗan lambun da ke gefen rijiyarmu. A shekarar tsutsa ta addabi alayyafo, duk ta huda ganyen. Ina da ragowar wani maganin ƙwari mai ƙarfi da muke ba manoman auduga. Na dawo aiki da la'asar, Ummanki ta je barka maƙwabta, na haɗa shi da ido ba awo, na feshe lambun tas. Ban karanta jikin kwalbar ba, ni da nake koya wa mutane karantawa. Kuma ban gaya wa kowa ba. Washegari da safe ta yanko alayyafon ta yi faten tsaki. Mu manya tashin zuciya kawai muka ji. Ke kuwa bayan azahar kika fara amai, miyau yana zuba, jikinki ya saki kamar tsumma.

A asibiti likita ta tambayi abin da kika ci. Ummanki ta ce fate ne, da ganyen gida, ita ta wanke da hannunta. Likitar ta juyo ta ce, "Ba a yi wa ganyen feshi ba?" Na yi shiru. Shirun bai wuce numfashi uku ba, amma har gobe ina jin kunyarsa, domin a cikinsa kaina nake tunani, ba ke ba. Sannan na ce, "An yi. Ni na yi, jiya." Ta ce in ruga in kawo kwalbar. Da ta ga sunan maganin ta san abin da za ta ba ki. Kwana uku kika yi, Allah ya tashi kafaɗunki.

Sai da muka dawo gida, kin yi barci a bayan Ummanki, ta same ni a tsakar gida ta ce, "Abban Safiya, duk abin da ba za ka iya gaya mini ka zuba ba, kada ka ƙara zuba shi a kan abin da zan dafa." Iyakar maganarta ke nan. Ba ta kai ƙarata gidanmu ba, ba ta kai gidansu ba, kuma ba ta taɓa yi mini gori da shi ba ko a cikin faɗa. Ban san da me zan biya matar nan ba. Ke kuma ki yafe mini, na aikin da na ɓoyewar.

Abin da nake so ki ɗauka shi ne, kowane maganin feshi yana da kwanakin da ake jira kafin a ci amfanin, kuma na auduga ba na ganyen miya ba ne. Ki faɗa, ki maimaita har manoma su gaji da ke. Kuma kada ki tsaya ga maza. Mai feshi daban, mai tsinko ganye daban, sau da yawa ba sa gaya wa juna. Ke mace ce, za a bar ki ki shiga cikin gida inda ni ban taɓa shiga ba. Ki zauna da matan a bakin murhu ki gaya musu su riƙa tambaya.

Na uku tsoro ne ya haife shi. Bayan abin nan na zama kamar mai gadi a kanki. Na hana ki zama a ƙasa. Na hana a saya miki nono. Ganye kuwa ko kusa. Na koma ciyar da ke biskit da farin burodi da taliyar leda, wai su ne masu tsabta tunda a rufe suke zuwa. Da zarar cikinki ya ɗan yi ƙugi sai in nufi kemis in sayo kafso, ja da yalon nan, in fasa in zuba miki a cokali. Ba likita, ba gwaji. Ki sha kwana biyu in daina, bayan sati biyu in sake. Maimakon ki murmure sai kika riƙa ramewa. Yau gudawa, gobe ciki ya ɗaure kwana uku kina kuka a kan fo.

Inna ce ta cece ki, mahaifiyata da kika ci sunanta. Ta zo daga ƙauye duba ki, ta yi kwana biyu tana kallon abin da nake yi. A na uku ta tattara kafson ta ƙulle a bakin zaninta, ta ce, "Kai dai ba ka iya tsayawa a tsakiya ba tun kana yaro. Kun wanke wa yarinyar nan ciki har ba ku bar mata komai ba."

Na ce, "Inna, ƙwayoyin cuta nake kashewa."

Ta ce, "To ka kashe. Wa ya rage ya narka mata tuwo?"

Na ɗauka maganar tsofaffi ce, sai na ce mu je wurin likitar da ta duba ki, ina jiran ta goyi bayana. Da ta ji yawan kafson da kika sha sai ta ajiye biro. Ta yi mini bayani cewa hanjin mutum cike yake da ƙananan halittu masu amfani, suna taya shi narka abinci, suna tare wa masu cutarwa wuri, kuma irin wannan magani ba ya bambance na kirki da mugu. Ta ce in bar tsohuwa ta yi aikinta. A mota Inna ba ta ce "na gaya maka" ba. Goronta kawai take ci tana kallon titi.

Wata huɗu ta yi a gidan nan. Da safe kokon kamu, wanda ya kwana ya yi tsami. Da rana kindirmo mai kyau daga wurin wata Bafulatana da ta yarda da tsabtarta. Miya ba ta rasa daddawa, yau kuka, gobe zogale, jibi rama da ƙuli. Dawa ba ta bari a surfe ta har ta yi fari, tana cewa dusar ai ita ce abincin. Ta sa na daina feshi a lambun, ta riƙa zaunar da ke kusa da ita tana cirar ciyawa kina wasa da ƙasa, in kun tashi ta wanke miki hannu da sabulu. A hankali kumatunki suka dawo. Ba zan rantse miki wanne ne a ciki ya yi aikin ba, ko daina kafson, ko abincin, ko duka. Na dai ga ranar da kika cinye malmalar tuwo kika miƙo kwano a ƙara, Inna ta juya baya tana share ido da mayafi. Allah ya jiƙanta, ya sa aljanna ce makomarta.

Yanzu za ki zauna ke kaɗai, za ki riƙa dawowa daga ƙauyuka a gajiye, abin da ya fi sauƙi shi ne shayi da burodi, ko taliyar minti biyu. Ba haram ba ne, amma kada su zama abincinki na kullum. Ki ci wake, ki ci ganye kala-kala, ki sha nono mai tsabta. In ba ki da lafiya ki je asibiti. Idan likita ya rubuta miki irin maganin nan ki shanye shi yadda ya ce, in bai rubuta ba kada mai kemis ya zame miki likita.

Na huɗu kin san shi, har kin yi mini dariya a kai, amma zan rubuta don ya zauna. Da na yi ritaya sai na koma ɗaya gefen gaba ɗaya. Na zama mai wa'azin ƙasa. Duk wanda ya zauna kusa da ni a majalisa bayan la'asar sai ya ji labarin takin gargajiya, har abokaina suka sa mini suna Sarkin Juji. Na samo ɗanyen kashin kaji daga wani mai kiwo a Doka, na zuba shi kai tsaye a gindin latas. Da rijiya ta ja baya na riƙa ɗiban ruwan kwata ina ban ruwa, wai ai duk taki ne. In na tsinko ganye sai in karkaɗe in kai baki, Ummanki tana cewa in kawo ta wanke, ina ce mata ƙasa magani ce.

Ranar da na haɗa mana kwaɗon latas da hannuna, ni da ita muka yi kwana biyu muna rige-rigen buta. Ni har sai da aka yi mini ƙarin ruwa. Kina makaranta lokacin, kika kira, bayan kin yi mini sannu kika ce, "Abba, ba duk abin da ke cikin ƙasa ne abokinka ba fa." Na ce to ai ke ce kika ce akwai masu amfani. Kika ce, "Akwai, amma ɗanyen kashi da ruwan kwata masu cutar suke kawowa. Taki sai ya nuna, kamar abinci."

Da kika zo hutu kika sa na haƙa rami. Muka jera kara, da ganye, da kashin kajin, da toka kaɗan, muna yayyafa ruwa. Kika ce in riƙa juyawa, in tura hannu in ji zafi, kada in taɓa shi sai zafin ya wuce, warin ya tafi, ya koma baƙi yana marmashewa. Na bi umarninki kamar ɗan firamare. Tun daga nan ba mu sake kwanciya saboda lambun nan ba, kuma ganye ko daga hannuna ya fito sai an wanke shi da ruwa mai tsabta. Darasin a nan gajere ne: in kin gano kin yi kuskure, ki dawo daidai, kada gudun wancan ya jefa ki cikin wani. Za ki haɗu da masu cewa duk abin zamani guba ne, da masu cewa duk abin gargajiya jahilci ne. Na zauna a kowane ɓangare, kuma kowanne sai da ya kai wani a gidanmu gadon asibiti.

Bari in gaya miki ranar da ta fi kowace daɗi a wurina cikin wannan harka. Shekararki ta ƙarshe a jami'a, kika ce in zo da ƙasar lambunmu a leda. Kika shigar da ni ɗakin gwajinku, kina sanye da farar riga, kika jiƙa ƙasar kika ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi, kika ce in sa ido a madubin nan mai ƙara girman abu. Da farko duhu kawai na gani. Kika murɗa wani abu, sai ga su. Wasu kamar zare, wasu kamar ƙwayar gero, wasu suna wutsil-wutsil suna wucewa. A ɗigo ɗaya! Na yi shekaru ina taka su, ina ƙona su, ina ba da umarni a kansu, ban taɓa ganinsu ba sai ranar. Na ɗago na ce, "Subhanallah." Na sake sunkuyawa.

Kika yi mini bayani a hankali, cewa su ke ruɓar da kara su mai da shi abincin saiwa, wasu suna manne wa saiwar wake suna tara mata taki daga iska, wasu suna tare cuta. Shukar da ta tashi a cikinsu tana zuwa da wasu a jikinta, kuma dusa da zaren ganyen da muke ci su ne abincin waɗanda ke cikin hanjinmu. Na tambaye ki, to na ƙasar su ne suke zama a cikinmu? Kika ce, "Abba, wannan ba a gama sani ba tukuna. Ana kan bincike. Abin da na tabbatar na gaya maka, sauran ba zan ƙara gishiri ba."

Mamana, wannan amsar ta fi madubin burge ni. Duk tsawon aikina ban taɓa ce wa manomi "ban sani ba". Ina ganin in na faɗa girmana zai zube. Ke kuwa kika faɗa wa mahaifinki ba tare da kin ji komai ba. Ki riƙe wannan hali da hannu biyu. Za a kira ki malama, za a shimfiɗa miki tabarma, dattawan da suka haifi ubanki za su yi shiru suna jiran abin da za ki ce, kuma abin da kika faɗa zai shiga gonarsu, daga gonar ya shiga tukunya, daga tukunya ya shiga cikin 'ya'yansu. In kin sani ki faɗa ba tsoro. In ba ki sani ba ki ce za ki tambayo, kuma ki tambayo ɗin ki dawo.

Idan na zauna na duba, ban ga abin da zan yi ba sai godiya. Na yi wauta da yawa, amma kowane karo Allah yana ajiye mini wani a kusa da zai tare ni kafin ɓarnar ta yi nisa, kuma babu ɗayansu da ya wulaƙanta ni. Ya bar mini ke da rai, ya ba ki ilimin da ya fi nawa, ya kuma nuna mini ranar da 'yata za ta gyara mini aiki. Ba kowane uba ke samun haka ba. Alhamdu lillahi.

Ki kula da sallarki a kan lokaci ko kina tsakiyar gona. Ki riƙa ɗaukar ruwan shanki in za ki ƙauye. Kada ki hau babur ɗin da ba ki yarda da mai tuƙinsa ba, kuma ki baro daji tun rana tana sama. Ki kira Ummanki kullum, ko gaisuwa ce kawai, don ba za ta ce miki tana kewa ba, sai dai in ga ta shiga ɗakinki tana gyara gadon da ba wanda ya kwanta a kai.

Ranar da takardar ɗaukarki aiki ta iso na shuka wake kunya biyu a gefen katanga, ban gaya wa kowa dalili ba. Ya fara yaɗo. A lissafina zai bushe daidai lokacin hutunki na farko. Na ce wa Ummanki ko ɗanyensa kada a tsinka, sai kin zo mun roro shi tare.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya kare ki daga sharrin mutum da na hanya, ya sa albarka a hannunki da duk ƙasar da za ki taɓa. Allah ya yi miki albarka, Mamana, ya dawo mana da ke lafiya.

Wassalamu alaikum.

Naki,
Abba.